Zagayen Dutsen Ɗuri Sina: Gidan Ruhubanawan Da Ya Zauna Ƙarni 14 A Cikin Amanar Musulmi

  

A kudancin yankin Sina na ƙasar Masar akwai dutsen da mutanen wurin ke kira Jabal Musa, wanda tsayinsa ya kai mita 2,285 daga doron teku. A gindinsa, cikin wani kwari da jajayen duwatsu suka kewaye, akwai gidan ruhubanawan Kirista mai suna Dair Sant Katrin. An gina shi kafin a haifi Manzon Allah (SAW), kuma har yau bai taɓa zama kufai ba. Daga gefen ganuwarsa hanyoyi biyu suka tashi zuwa ƙololuwar dutsen, shi ya sa mai tafiya kan hau ta ɗaya ya sauko ta ɗayar, ya dawo daidai inda ya tashi.

Allah ya ƙaddara mana taka wannan zagaye a lokacin hunturu, tare da wasu ɗalibanmu da ke karatu a Jami'ar Azhar. Abin da ya sa muka ga dacewar ba da labarinsa a wannan fili tambayoyi ne biyu da tafiyar ta ɗora mana. Ta farko, da wace niyya Musulmi zai je irin wannan wuri? Ta biyu, me ya tsare wannan gida har ya kawo yau, alhali mafi yawan lokaci tun zamanin sahabbai a ƙarƙashin ikon Musulmi yake?

Gyaran niyya kafin ɗaura takalmi

Daga Alƙahira tafiyar awa shida zuwa bakwai ce a mota. Bayan mun ratsa ta ƙarƙashin mashigin ruwan Suwes, ɗaya daga cikin ɗaliban ya ce: “Malam, anya tafiyar nan tamu ba ta shiga cikin abin da aka hana ba kuwa?” Tambaya ce ta wanda ya yi karatu, domin Imam Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa, a babin falalar Juma'a, cewa Abu Huraira (RA) ya taɓa fita zuwa Ɗuri. Da ya dawo ya haɗu da Basra ɗan Abu Basra al-Gifari, sai wannan ya nuna masa cewa da ya riske shi tun kafin ya tashi da bai tafi ba, ya kuma tunatar da shi hadisin da ya taƙaita ɗaura sirdi ga masallatai uku: na Makka, da na Madina, da na Ƙudus.

Malamai sun yi saɓani a kan faɗin wannan hani, amma ba su yi saɓani ba a kan halaccin tafiya don neman ilimi, ko fatauci, ko duba alamun mutanen da suka gabata domin wa'aztuwa. Saboda haka muka yi ittifaƙi tun a cikin mota cewa ba mu fito don neman wata falala ta salla a kan dutsen ba, ba za mu shafi dutse ko bishiya don neman tubarraki ba, kuma ba za mu koma gida muna kiran tafiyar da sunan ibada ba.

Akwai kuma wani abu da ya kamata ɗalibi ya riƙe. Allah ya ambaci Ɗuri a wurare da yawa, ya yi rantsuwa da shi a Suratuɗ Ɗur da Suratut Tin, kuma ƙissar ganawar Annabi Musa (AS) ta zo a surorin A'araf da Ɗaha da Ƙasas. Sai dai babu nassi ingantacce da ya nuna wannan tsauni a kan kansa ya ce shi ne. Masu kaɗaita kansu don bauta daga cikin Kiristoci, waɗanda suka zauna a kwarin tun ƙarni na 3 da na 4, su ne suka tsayar da shi, sa'an nan mutane suka gaji wannan daga gare su. Wasu masu bincike ma sun karkata ga wasu duwatsun dabam, har da na arewa maso yammacin ƙasar Larabawa. Wanda ya san haka zai hau dutsen da natsuwa, ya ɗauki darasin ƙissar ba tare da ya rataya imaninsa ga wani falalen dutse ba.

Hawa ta Hanyar Basha

Mun tashi da misalin ƙarfe biyu na dare. Akwai shingen 'yan sanda kafin a isa gidan, kuma hukuma ba ta barin baƙo ya hau sai da ɗan jagora daga Larabawan yankin, waɗanda ake kira Jabaliyya. Gidan kansa yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,550, ke nan abin da mutum zai hau da ƙafarsa mita 700 ne da 'yan kai. Wanda ke da lafiya kuma ya saba tafiyar ƙasa zai iya, ko da bai taɓa hawan dutse ba.

Hanyar hawa ita ce Sikkatul Basha. An share ta a zamanin Abbas Basha na ɗaya, wanda ya mulki Masar daga 1848 zuwa 1854. Tana da faɗi, tana lanƙwasa dama da hagu a jikin dutsen yadda hawan ba ya zuwa wa mutum gaba ɗaya. Ita ce raƙuma ke bi, kuma masu su na tsaye a bakin hanya suna tayin ɗaukar wanda ya gaza. A kowane ɗan zango akwai rumfar shayi da aka gina da duwatsu, inda ake hutawa a ɗumama hannu. Babu haske sai na tocila da na taurari, kuma taurarin can suna da yawan da mazaunin birni ya manta da shi.

Bayan kamar awa biyu hanyar ta kutsa ta wani matsattsen tsagi, daga nan kuma aikin raƙumi ya ƙare. Abin da ya rage matakalu 750 ne na duwatsun da aka jera, ba su da tsayi ɗaya, ba su da faɗi ɗaya. A nan hira ta mutu, kowa ya koma sauraren numfashinsa. Ɗan jagoranmu, dattijo ne siriri da ya girme mu duka, yakan tsaya ya haska wa na baya, ya ce a bi a hankali, asuba ba ta yi ba tukuna.

Asuba a ƙololuwa

A saman dutsen gine-gine biyu ne ƙanana, kusa da juna. Ɗaya majami'a ce da aka sake ginawa a 1934 a kan kangon wadda ta gabace ta, ɗayan kuma masallaci ne. Sanyin wurin ba irin na hunturunmu ba ne, domin ruwa kan daskare, wani lokaci har dusar ƙanƙara ta sauka. Masu rumfuna na ba da hayar barguna. Mun tarar da jama'a daga ƙasashe dabam-dabam sun duƙunƙune suna jiran fitowar rana, har da 'yan ƙasarmu Kiristoci masu ziyara, waɗanda muka gane da harshe, muka gaisa kamar mun haɗu a tashar mota.

Su rana suke jira, mu kuwa abin da ke gabanmu kada ta riga mu. Mai wannan tafiya ya lura da abubuwa uku. Na farko, ya riƙe alwalarsa tun daga ƙasa in zai iya, in kuwa ta warware kuma ruwan da ke hannunsa bai wuce na sha ba, ko yana tsoron cutuwa daga sanyi, to a mazhabar Malikiyya taimama a kan dutse ta halatta. Na biyu, alƙibla a can kudu maso gabas take, ba gabas ɗin da muka saba fuskanta a gida ba. Na uku, ya sallaci asuba da zarar alfijir ya keto, kada ya shagala da ɗaukar hoto, domin lokacin da rana ke ɓullowa lokaci ne da aka hana nafila, balle a jinkirta farilla zuwa gare shi da gangan.

Da gari ya waye sai duwatsu suka bayyana jeri bayan jeri iyakar ganin ido, babu ciyawa babu gida. Daga kudu maso yamma Jabal Katrin ne, mafi tsayi a Masar, wanda ya haura mita 2,600. Ɗalibin da ya yi tambaya a mota ya tuna mana cewa dutse irin waɗannan, duk da taurinsa, niƙewa ya yi lokacin da Ubangiji ya yi tajalli gare shi, Annabi Musa (AS) kuma ya faɗi a some. Muka yi shiru na wani lokaci.

Saukowa ta Matakalar Tuba

Bayan an sauko matakalu 750 ɗin nan, mai zagaye yakan bar hanyar raƙuma ya gangara cikin wani ɗan fili da ake kira Farsh Iliya, wanda ake dangantawa da Annabi Ilyasu (AS). Akwai tsohuwar bishiyar sarwu a wurin da ƙaramar majami'a. Daga nan Sikkatu Sayyidina Musa ta fara, wadda baƙi suka fi sani da Matakalar Tuba: matakalu kusan 3,000 da suka miƙe cikin tsagin dutse har bayan ganuwar gidan. Jimillarsu da na sama 3,750 ke nan. Ruhubanawan na cewa wani daga cikin magabatansu ne ya jera su don neman gafarar zunubinsa.

Hanyar ta ratsa ta ƙarƙashin ƙofofi biyu na dutse. A ɗaya daga cikinsu, bisa ruwayarsu, wani rahibi mai suna Istifanus yakan zauna a ƙarni na 6 yana sauraren iƙirarin zunubin masu ziyara kafin ya bar su su wuce. Mu a wurinmu tuba tsakanin bawa ne da Ubangijinsa, ba ta buƙatar mai tsaron ƙofa, kuma Alƙur'ani a Suratul Hadid ya bayyana cewa ruhubananci abu ne da suka ƙaga wa kansu. Duk da haka, wanda ya taka waɗannan duwatsu ɗaya bayan ɗaya dole ya tambayi kansa irin wahalar da shi ya taɓa sha saboda tsoron zunubinsa.

Saukar ta ɗauke mu kusan awa biyu, kuma ta fi hawan cin gwiwa. Bai dace a bi ta da dare ba, haka mai ciwon gwiwa gara ya koma ta hanyar raƙuma. Amma ita ce ke da ladan gani: ana cikin gangarowa sai tsagin ya buɗe, gidan ya bayyana can ƙasa kamar akwati, a tsakiyarsa kuma hasumiyoyi biyu kafaɗa da kafaɗa, ɗaya ta ƙararrawa, ɗaya ta kiran salla.

Abin da ke cikin ganuwa

Sarkin Rum Jastiniyan ne ya sa aka gina gidan tsakanin 548 da 565. An san haka ne daga rubutun da ke jikin itatuwan rufin babbar majami'ar, wanda ya ambace shi yana raye, ya ambaci matarsa Tiyodora a matsayin marigayiya. Kaurin ganuwar ya haura mita 2, kuma akwai zamanin da ake toshe ƙofa saboda tsoron mahara, sai dai a jawo baƙo da igiya ta wata taga da ke sama. Ruhubanawan mabiya ɗariƙar Otodoks ta Girka ne. A 2002 hukumar UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya. Ana buɗe wa baƙi da hantsi kawai, kuma akwai ranakun da ake rufewa, kamar Lahadi.

A ciki akwai bishiyar ƙaya da suke cewa daga wurinta aka kira Annabi Musa (AS), da rijiyar da suke dangantawa da shi. Mun duba, mun wuce. Taskar littattafansu na ɗauke da rubuce-rubucen hannu sama da 3,000 cikin Girkanci da Larabci da Suryananci da wasu harsuna. Daga nan ne wani Bajamushe mai suna Tishandof ya tafi da ɗaya daga cikin tsofaffin kwafin Baibul na ƙarni na 4 a shekarar 1859 da sunan aro. Aron ya rikiɗe ya zama kyauta ga Sarkin Rasha, a 1933 kuma gwamnatin Sobiyet ta sayar wa Ingila shi a kan fam 100,000. Yau mafi yawansa na Landan.

Masallacin da muka hango daga sama na zamanin daular Faɗimiyya ne. An mayar da wani tsohon ɗaki masallaci a shekarar 1106, wato 500 bayan Hijira, kuma mumbarinsa na katako na ɗauke da sunan waziri al-Afdal. Jabaliyya ne ke kula da shi. Su kansu suna ba da labarin cewa kakanninsu mutanen da Jastiniyan ya turo ne don hidima da tsaron gidan, daga baya suka musulunta, amma ba su bar aikin da aka kawo su dominsa ba. Har yau su ne masu lambun gidan da ma'aikatansa da 'yan jagorar baƙinsa.

Takardar alkawari

Abin da gidan ya fi shahara da shi a wurin Musulmi shi ne takardar da ake kira al-Uhdatun Nabawiyya. Ruhubanawan na cewa Manzon Allah (SAW) ne ya ba magabatansu ita, Sayyidina Ali (RA) ya rubuta, kuma ta ƙunshi amincin rayukansu da dukiyoyinsu da wuraren bautarsu. Suna cewa Sultan Salim na ɗaya ya tafi da ta asali Istanbul bayan ya ci Masar a 1517, ya bar musu kwafi, wanda shi ake nuna wa baƙi.

Amanar ilimi ta wajabta mu faɗa cewa wannan takarda ba ta zo da isnadi a littattafan hadisi ba, kuma masana tarihi sun yi saɓani a kan ingancinta. Bai halatta mai wa'azi ya hau mumbari ya jingina lafazinta ga Annabi (SAW) kai tsaye ba. Amma hukuncin da take ɗauke da shi bai dogara da ita ba. Sulhun da Annabi (SAW) ya yi da Kiristocin Najran sananne ne, Abu Yusuf ya kawo shi a Kitabul Kharaj, Balazuri kuma a Futuhul Buldan. A cikin Muwaɗɗa akwai wasiyyar Sayyidina Abubakar (RA) ga Yazidu ɗan Abu Sufyan lokacin da ya tura shi Sham, inda ya umarce shi da ya ƙyale waɗanda suka tsare kansu don bauta. Aya ta 40 a Suratul Hajji kuwa ta jera ɗakunan ruhubanawa da majami'u tare da masallatai a cikin abubuwan da Allah ke karewa daga rushewa.

Tarihin gidan ya nuna an yi aiki da wannan. Amru ɗan Asi (RA) ya shiga Masar wajen 640. Daga lokacin dauloli suka yi ta shuɗewa, kuma taskar gidan na riƙe da ɗaruruwan takardun umarni daga sarakunan Faɗimiyya da Ayyubiyya da Mamluk da Usmaniyya, suna jaddada aminci ga ruhubanawan, suna hana gwamnoni da ƙabilu cutar da su. Ba mu ce tarihin duk fari ne ba. Halifa al-Hakim na Faɗimiyya ya rushe majami'u da yawa, har da babbar majami'ar Ƙudus a 1009, kuma malaman tarihinmu sun lissafa ayyukansa cikin zalunci. Yawan takardun nan ma alama ce ta cewa akwai masu cutarwa da ake ta kai ƙararsu. Abin lura shi ne duk lokacin da aka kai kuka, akwai ƙa'idar da ake komawa gare ta, kuma ita ta yi rinjaye har gidan ya kawo yau.

Amanar ba ta ƙare ba

A watan Afrilu na 2017 'yan bindiga sun kai hari a shingen da ke kusa da gidan, suka kashe ɗan sanda ɗaya, ƙungiyar IS ta ce ita ta yi. Masu wannan aiki suna iƙirarin bin magabata, alhali wasiyyar Abubakar (RA) na ƙaryata su. A watan Mayu na 2025 kuma wata kotu a Isma'iliyya ta yanke hukunci kan filayen gidan, abin da ya tayar da hankalin ruhubanawan da gwamnatin Girka, har fadar shugaban Masar ta fito ta jaddada cewa ba za a taɓa matsayin wurin ba. Alkawari irin wannan kowane zamani sai mutanensa sun sake cika shi, ba a gadon cikawar kakanni.

Ya 'yan'uwa, da yawanmu ba za mu taɓa zuwa Sina ba, amma kaɗan ne a cikinmu ba su da maƙwabci ko abokin kasuwa Kirista, kuma mun sha ganin yadda wuraren ibada ke zama farkon abin da ake cinna wa wuta idan fitina ta tashi a garuruwanmu. Jabaliyya ba su bar sallarsu ba, ba su karɓi aƙidar ruhubanawan ba, ba su kuma ci amanarsu ba. Riƙo da tauhidi da kiyaye haƙƙin wanda aka yi zaman amana da shi, duka biyun umarnin Ubangiji ɗaya ne. Ya kamata iyaye su koya wa 'ya'yansu wannan a gida, malamai kuma su karantar da shi da hujjojinsa, tun kafin wani ya zo ya karantar da su akasinsa.

Wanda Allah ya hore masa zuwa, ya tanadi takalmi mai riƙe ƙafa, da rigar sanyi mai kauri, da tocila, da ruwan sha, ya ware awa biyar zuwa shida don zagayen. Ya biya ɗan jagora haƙƙinsa ba tare da ƙwauro ba, ya shiga gidan mutane da ladabi, ya kuma duba niyyarsa kafin ya tashi da bayan ya dawo.

Allah ya sa mu cikin masu cika alkawari, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya amfanar da mu da abin da muka gani da abin da muka ji. Wallahu a'alam.